Asabar ɗin da Na Wanke Kabad ɗin Matata Kamar Mota

Na yi shekara talatin da ɗoriya ina riƙe da sitiyari, abubuwa da yawa sun same ni a hanya, mafi yawansu kuma sun bi iska. Amma akwai wata Asabar ta bazara a Hayin Banki, cikin Kaduna, wajen ƙarshen shekarun tamanin, wadda ba zan manta da ita ba har ƙasa ta rufe idona. Abin mamakin shi ne ranar ko mota ban tayar ba. A tsakar gida na yi hatsarina, da bokiti biyu da soso.

A lokacin ni direba ne a wata ma'aikatar gwamnati a Doka, na baro Ƙauran Namoda ban fi shekara biyar ba. Idan akwai abin da nake hura hanci a kansa, to wankin mota ne. Kullum kafin maigidana ya fito na wanke ta tas, na goge gilasai, na bi tayoyi da robobin jikinta da ɗan man birki a tsumma har suna ɗaukar ido. Sauran direbobi suna yi mini tsiya wai ko ƙuda ya sauka a motata sai santsi ya kwashe shi. Ni kuwa daɗi nake ji, har na ɗauka duk duniya ba wanda ya kai ni sanin yadda ake tsabtace abu.

Matata Bazazzagiya ce, shekararmu ɗaya da rabi da aure. Muna haya a ciki da falo, kuma kamar yadda aka saba, duk abin da ke cikin ɗakunan nan nata ne, daga gidansu aka kawo aka jera mata. Ni abin da na shigo da shi akwatina ne da rediyo. Akwai gadon ƙarfe mai rumfa, da kujerun kushin guda uku, da ɗan teburi na fomeka, da tumtum biyu na jar fata. Sai kuma kabad, wanda shi ne uban kayan. Na katakon maɗaci ne, mai ƙyaure biyu, an sassaƙa wa kowane ƙyaure zanen ganye a tsakiya, a ciki take jera tangaran da samirunta. Mahaifinta kafinta ne, shi ya yi mata shi da hannunsa yana cikin ciwon da bai tashi ba. Wata biyu bayan bikinmu Allah ya yi masa rasuwa, kabad ɗin nan shi ne aikinsa na ƙarshe.

Kowace safiya nakan ga tana bin kayan nan ɗaya bayan ɗaya, kuma kowanne da irin nasa. Gadon ƙarfe busasshen tsumma ne. Kushin ta kaɗe su da tafin hannu, wani lokaci ta fitar da su inuwa su sha iska. Tumtum kuwa jefi-jefi takan lakaci man kaɗe ta murza musu. Idan ta zo kan kabad sai ta ɗauko wani tsohon ɗankwali mai laushi da ta keɓe masa, ta bi shi a hankali, lungu-lungu, har cikin zanen ganyen. A raina nakan ce wannan ai wasa ne, ta yaya abu zai fita ba ruwa ba sabulu? Sai dai ban taɓa furtawa ba, don ina sonta, kuma ina son ganinta tana yi.

Da cikinta na fari ya tsufa sai aka zo aka tafi da ita Zariya, can za ta haihu ta yi wankan jego. Ranar tafiya, tana bakin ƙofa da mayafinta ta juyo ta ce, “Malam, kayan ɗakin nan ka bar su yadda suke. In ƙura ta dame ka, ga tsumma nan, ka kaɗe kawai.” Na ce ta je ba komai, ai a hannun gwani ta bar su. Ta yi murmushi ta ce abin da take tsoro ke nan.

Allah ya sauke ta lafiya, aka sami 'ya mace. Na je suna na dawo, na ci gaba da zaman gwauro, ina ƙirga kwanaki. Maganar gaskiya ko tsumman ban taɓa ɗagawa ba. Da aka aiko cewa ranar Juma'a mai zuwa za a dawo da ita, kuma Goggonta, ƙanwar marigayi mahaifinta, ita za ta rako ta, sai na tsaya na dubi ɗakin da idon baƙo. Ƙura ta yi wa komai hula. Kunya ta kama ni, sai kuma wani tunani ya zo mini mai daɗi: bari in yi wa kayan nan wanki na gaske, irin wanda ba a taɓa yi musu ba, yarinyar nan ta shigo ta ga abin da mijinta ya iya.

Asabar da hantsi na tuɓe riga na kwaso komai na fitar tsakar gida. Na kwashe tangaran na ajiye a kan tabarma, na roƙi wani maƙwabcina ya kama mini muka fito da kabad, ya wuce kasuwa abinsa. Na kaɗa garin sabulu a bokiti har kumfa ta tashi. Hajiya mai gidan, wata dattijuwa da ke zaune a ƙofar ɗakinta tana tsince shinkafa, ta ɗago kai ta ce, “Direba, kayan mace ne fa. Ka tambayi mai su?” Na ce, “Hajiya, ki dai zuba ido ki sha kallo.” Ta ce to, ta mayar da kanta kan farantinta.

Na fara daga sama zuwa ƙasa, yadda ake yi wa mota. Na sheƙa wa kabad ruwa, na bi shi da soso ina dirzawa har da waƙa, na ɗauraye da bokiti guda. Na bi gado, na bi teburi, na bi kushin har sai da sosonsu ya sha ya ƙoshi, tumtum ma ban raga musu ba. Ruwan da ke gangarowa daga jikin kabad ja-ja ne, ni kuwa ina murna wai datti ne ke fita. Da na gama na jera su a tsakiyar rana, ranar bazara ta Kaduna wadda ko takalmin roba takan narkar, na je na yi wanka na tafi cin tuwo a bakin titi.

Bayan azahar na dawo na tarar kabad ya bushe, amma ya yi fari-fari, duk ƙyallin nan ya tafi. Ban tsorata ba tukuna. Na ce ai haka taya take yi in ta bushe, maganinta yana nan. Na san sarai man birki yana cin fentin mota, kowane direba ya sani, amma a lissafina katako ba ƙarfe ba ne, ya fi kusa da roba. Na ɗauko gwangwanin na tsiyaya a tsumma na shafe ƙyauren dama tun daga sama har ƙasa. Nan take ya yi ƙyalli, na ja da baya ina yaba kaina. Ban kai ga taɓa na hagun ba sai na ga fuskar katakon tana tattarewa tana yin danƙo. Na sa yatsa, folish ɗin ya biyo yatsana. Wurin zanen ganyen kuwa man ya taru ya yi baƙi ƙirin. Na tura ƙyauren in rufe, ya ƙi, rana ta gantsare shi, ƙasan yana taɓawa saman ya buɗe baki kusan yatsa biyu.

Na zauna a kan bokiti, gumi yana karyo mini, ba na zafin rana ba. Sai a lokacin na dubi sauran. Gefen fomeka ya kumbura ya ɗaga, tumtum sun ƙandare sun yi tauri, kushin sun bushe a waje amma in ka danna ruwa na fitowa. Duk waɗannan ba su dame ni ba, ana iya samun irinsu. Kabad ɗin ne ba shi da na biyu, mutumin da ya yi shi yana kabari, kuma saura kwana shida 'yarsa da ƙanwarsa su shigo ɗakin nan. Hajiya ta taso ta zagaya shi sau ɗaya, ba ta ce ai na faɗa maka ba, kuma har gobe ina ganin girmanta saboda haka. Ta ce in maza in mayar da shi inuwa, sannan in tafi Kurmin Mashi, akwai wani tsohon kafinta Bakano a bayan masallaci, in ya kasa to sai haƙuri.

Na same shi yana fere ƙafar kujera, ɗan siriri, da tabarau ɗaure da zare. Na durƙusa na gaishe shi na ce, “Baba, na yi ɓarna, ban san mi za ni yi ba.” Ya saurare ni har na gama, sannan ya hau bayan kekena muka taho. Da ya shiga ya ga kabad sai ya matsa kusa da shi. Ya shinshina ƙyauren ya ce, “Samari, da me ka shafa wannan?” Na faɗa masa. Ya cire tabarau ya dube ni ya ce, “Man birki. To Allah ya sa dai ba ka duba masa iskar taya ba.” Hajiya ta fashe da dariya daga waje, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya bi sauran kayan yana ba ni umarni kamar yadda maigidana ke yi a ofis. Kushin a zare rigunansu, a matse soson, a jingine su inda iska ke ratsawa, in ba haka ba za su yi fumfuna su dami mai jego da wari. Gado a tsane shi sosai, musamman mahaɗai da waya, a ɗan shafa mai kafin tsatsa ta kama. Tumtum a riƙa murza musu man kaɗe kaɗan-kaɗan safe da yamma, kada su ƙara ganin rana. Fomeka ya ce zai sa mata gam ya danne. Ya ce, “Ƙarfe da fata da katako ba uwa ɗaya ta haife su ba, kai kuma ka haɗa su ka yi musu wanka ɗaya. Katako ko an sare shi yana shan ruwa yana kumbura, rana ta buge shi ya motsa. Shi ya sa ake raba shi da su biyun.”

Jikin kabad da ƙyauren hagu ya ce za su dawo, samfefa ce da sabon folish. Na dama ne matsala, man ya shige cikin naman katakon, kuma gantsarewar ba lallai ta miƙe duka ba. Sai ya rage murya ya ce yana da ragowar maɗaci mai irin wannan launi, in ina so cikin kwana uku zai fitar mini da sabon ƙyaure, da zanen ganyen da komai, in ba wanda ya yi na farkon ba, ba mai ganewa. Wallahi ji na yi kamar an sauke mini dutse daga ka. Na ce, “Baba, a yi hakanan, Allah shi saka da alheri.”

Ya kwance ƙyauren ya kwantar da shi a kan tabarma don ya auna. Da ya juya bayansa sai ya tsaya, ya shafa da tafin hannu, ya sake shafawa. Ya ce in kawo hannuna. Na shafa, na ji wurin ba sumul yake ba, akwai ɗan tudu da kwari kamar an yi aikin ana hutawa. Ya ce, “Ka ji? Wanda ya yi wannan gwani ne, dubi mahaɗin, ko ƙusa ɗaya babu. Amma a nan hannunsa rawa yake yi. Ba shi da lafiya ne?” Na ce ciwon ajali yake ciki. Tsohon ya gyaɗa kai ya ce, “Allah ya jiƙansa. Da sauran ƙarfinsa ya yi shi.” Ya zaro ma'auninsa zai fara awo.

Ni dai hannuna yana kan katakon na kasa ɗagawa. Na tuna surukina, mutum mai kawaici, wanda ya ba ni 'yarsa ina baƙo ba ni da kowa a garin. Na ga ashe shirin da nake yi shi ne in jefar da abin da ya wahala a kansa yana jinya, in sa wa 'yarsa na wani, ta riƙa shafa shi kowace safiya tana yi wa ubanta addu'a, ni kuma ina kallo na san gaskiya. Ɓarnar farko da wauta na yi ta, wannan kuwa da sanina zan yi. Na ce, “Baba, dakata. A bar wanga ɗin. A gyara shi iya yadda zai gyaru.” Ya leƙo ni ta saman tabarau ya ce, “Za a gani fa.” Na ce na sani. Ya mayar da ma'aunin aljihu ya ce to in kawo ruwa kaɗan da tsumma, mu fara.

Kwana biyar muka yi. Ya kankare danƙon, ya ɗan jiƙa cikin gantsarewar, ya kwantar da ƙyauren a daɓen ɗaki ya ɗora masa katako da bulo. Kullum na tashi daga aiki sai in tarar da shi, ya miƙo mini samfefa ya ce in bi yadda jijiyar katakon ta kwanta, kada in gitta. Hannun da ya saba dirzar mota da ƙarfi sai da ya koyi tafiya a hankali, kuma na sha faɗa kafin ya koya. Folish ɗin ma shafa ɗaya siririya yake yi, a bari ta bushe, a sake. Ranar Alhamis da yamma muka mayar da ƙyauren. Kabad ya yi kyau, ba laifi, amma ganyen dama ya fi na hagu duhu, kuma saman ƙyauren bai zauna daidai ba, sai an ɗan danna.

Juma'a bayan la'asar suka iso, ita da jaririya da Goggo da wasu mata biyu, da buhunan gara da ƙullin kaya. Gida ya cika da guɗa da barka. Matata ta yi kyau ta yi haske, sai da na ji ƙirjina ya cika. Ta shiga falo tana dariya da Hajiya, idonta ya sauka a kan kabad, dariyar ta tsaya. Ko daƙiƙa biyu ba ta ɗauka ba. Ban jira a tambaye ni ba, na durƙusa a gaban Goggo na faɗi komai, tun daga bokiti har man birki, har da sabon ƙyauren da na so a yi na fasa. Goggo ta riƙe baki ta ce, “Ɗan nan, man birki? A jikin kabad ɗin Yaya?” Na ce e, kaina a ƙasa. Matata ta miƙa wa Goggo jaririyar ta shige ciki, na jiyo tana kuka a hankali. Na sha zagin manya a wurin aiki, ba wanda ya taɓa yi mini ciwo kamar wannan kukan.

Kwana biyu tana gaishe ni, tana kawo mini abinci, amma ba hira. Ban matsa mata ba. A rana ta uku da safe, bayan baƙi sun koma, ina shirin fita aiki na same ta tsaye a gaban kabad, ta buɗe ƙyauren dama tana shafa bayansa. Ba ta juyo ba ta ce, “Malam, ka san ni na riƙe masa wannan katakon yana gogewa? In ya gaji ya zauna, in ba shi ruwa, ya tashi ya ci gaba. Inna tana ta yi masa faɗa ya bari, ya ce sai ya gama.” Na ce ta yafe mini. Ta ce, “Na ji haushinka, ba zan ɓoye maka ba. Amma da na shafa nan na ji sumul, da na gane, kuma ban san yadda zan ƙara yarda da maganarka ba. Wannan tabon zan iya zama da shi.” Sai ta share ido ta dube ni, har da ɗan murmushi, ta ce daga yau in tsaya a kan motar gwamnati, ita ce mai haƙuri da ni. Na yi dariya, hawaye na zubo mini, na fita na makara a aiki, ranar ko motar ban wanke ba.

Yanzu mun tsufa tare, kabad ɗin yana ɗakinta, kuma har yau sai an danna saman ƙyauren yake rufuwa. Abin da na koya a wannan mako ya fi ƙarfin gyaran katako. Na gane iya abu ɗaya ba ya sa mutum ya iya komai, kuma kafin ka sa hannu a kayan wani, ko da niyyar alheri ce, ka tambayi mai shi, don shi ya san abin da ke jikinsu wanda idonka ba ya gani. Na kuma gane in ka yi ɓarna ga wanda kake so, gara ka kai masa ita yadda take ka sha kunyarka. Kukan kwana biyu na jawo wa matata da gaskiyar da na faɗa, da na ɓoye kuwa, da shekara talatin ke nan ina zaune da ita da ƙarya a tsakiyar ɗakinmu.